Wa Zai Nome Gonar Mai Tsaron Gari?



Makon jiya, bayan karatun Magariba a nan Gusau, wani dattijo ya zauna har jama'a suka watse. Daga wani ƙauye yake ta wajen Kekun Waje, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Muka gaisa, na tambaye shi mutanen gida da damina. Sai ya ce:

"Malam, fatawa ta kawo ni. Garinmu munka zauna, anka yanke kowane gida ya ba da namiji guda na tsaron dare. Ni ɗa guda gare ni da ya kai ƙarfi, kuma na ba da shi. Yanzu ciyawa ta cinye gona. In na janye shi, na ci amanar gari? In na bar shi, mi za mu ci baɗi?"

Na ce, "Baba, ka ba ni kwana biyu." Wallahi da ita na kwana, don ba irin tambayar da ake sallama da halal ko haram ba ce.

'Yan uwa, mu fara yi wa gidan nan lissafi. Gidan manomi da hannuwa yake tsaye. Uba yana da gandu, 'ya'ya suna noma masa, abin da aka zuba a rumbu shi za a ci har wata kaka. Damina kuwa ba ta jiran kowa. Noman farko yana da kwanakinsa, in ka makara ciyawa ta riga ka, maimai ma haka. Yaron da ya kwana tsaye a bakin gari ba zai kama fartanya da sassafe kamar kowa ba. Sai a ɗauki ɗan ƙwadago, shi kuma kuɗi ne. Ga bindiga, ga albarushi, ga tocila, ga man babur, mafi yawa daga aljihun gidan suke fita. Sai a kai akuyar uwar gida kasuwa, akuyar da aka ajiye don taki ko don ranar ciwo.

In rani ya shigo, sa'o'insa sun tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas suna aiko da na awo, shi yana nan yana gadi. Kafin sabon hatsi ya nuna rumbu ya ƙare, an ci bashi, wani har gona yake jinginarwa. In kuma ta Allah ta kasance aka kashe yaron, matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, marayu su dawo wuyan tsohon da dama da ɗan yake dogara.

Nijeriya ba ta da dokar tilasta wa matasa shiga soja, amma kakanninmu sun san ɗiban maza. A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, Turawan Ingila sun kwashi samarin Arewa har ƙasar Burma. Daga 1942 zuwa 1944 kuma aka yi abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna: a ɗora wa hakimi adadi, shi ya ɗora wa dagatai, a tura mutane haƙar kuza a Jos. Lardin Sakkwato, wanda Zamfara ke cikinsa a lokacin, ya ba da nasa. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su, gonakinsu a gida suka rasa mai nomewa. Wancan aikin baƙo ne aka yi da tilas, na yau kare ranmu ne da mutuncin iyalinmu, ban haɗa su ba. Amma gidan da aka cire wa hannu, yunwarsa iri ɗaya ce.

A ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau, mutum sama da 2,600. Waɗannan hukuma ce ta ɗauke su, nauyinsu na kanta. Amma ƙauyukan Bungudu da Tsafe da sauran ƙananan hukumomi sun fi ƙarfin wannan adadi. Shi ya sa gari ke tsayar da 'ya'yansa da kansa, ba albashi, ba komai.

To ga inda nake so mu tsaya. "Kowane gida mutum guda" a kunne kamar adalci ne. Amma mai 'ya'ya shida ya ba da ɗaya, biyar suna gona. Baba ya ba da ɗaya, gonarsa ba kowa. Ga kuma mai hali da ya kwaso iyalinsa ya dawo Gusau, alhali rumbunansa da gonakinsa suna can ɗan Baba na gadinsu. An raba daidai a ƙirga, amma nauyin bai zo daidai ba.

Mu duba yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da wannan al'amari. Imam Muslim ya ruwaito cewa da zai tura runduna ga Banu Lihyan, sai ya sa a cikin kowane mutum biyu ɗaya ya fita, ɗaya ya zauna, ya kuma yi wa wanda ya kula da iyali da dukiyar mai fita alkawarin lada. Ka ga tun kafin a tashi an san wanda zai riƙe gidan. A Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, ya bar Sayyidina Usman a Madina yana jinyar matarsa Rukayya, kuma ya ba shi rabon wanda ya halarta.

Ga Jabir ɗan Abdullahi. Mahaifinsa ya hana shi fita Uhudu saboda 'yan uwansa mata, ya tafi shi kaɗai, ya yi shahada, ya bar bashi. Annabi (SAW) da kansa ya je gonar dabinon Jabir ya tsaya har aka biya masu bin bashi. Wata tafiya kuma ya sayi raƙumin Jabir, ya biya shi, sannan ya mayar masa da raƙumin. Da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8, umarni ya bayar a yi wa iyalinsa abinci.

Na san wani zai ce, Malam, in an ɗaga wa duk mai ɗa guda ƙafa, wa zai tsaya? Kuma in mai kuɗi ya biya ya kwanta, ai an sayi jinin talaka ke nan. Maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Kuɗi ba sa zama fansar rai. Mai hali in yana da 'ya'ya maza a gari, su ma su shiga layi. Abin da nake cewa shi ne, tsaro wajibi ne a kan gari duka, don haka asararsa ma ta gari duka ce. Garin da ya ɗauki ɗan mutum da dare, gonar mutumin ta hau kansa da rana.

Yaya za a yi? Ba sabon abu za mu ƙirƙiro ba, muna da gayya. Ranar noman farko a fara da gonakin masu tsaro kafin ta mai gari. A riƙa juyi, kada mutum ɗaya ya kwana waje wata da watanni. A raba nauyi bisa yawan maza da yawan dukiya. Wanda ya ƙaura birni ya riƙa aiko da nasa, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a. In kaka ta yi, gidan da tsaro ya talauta ya cancanci zakkar hatsin garin. Marayun wanda ya faɗi kuwa amana ce ta shekaru, ba ta ƙarewa ranar sadakar uku.

Kuma mu ji tsoron Allah a kan wannan: saurayi mai bindiga, gidansu ba hatsi, an buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Daga nan ake fara kama saniyar wanda bai ji ba bai gani ba, daga nan ake zubar da jinin da Allah Ya haramta. Garin da ya bar mai tsaronsa da yunwa yana da kaso a abin da ya biyo baya. Duk tsaron da za a yi, a yi shi da sanin hukuma.

Na kira Baba a waya na ce, "Baba, ba ka ci amanar kowa ba don ka nemi abin da iyalinka za su ci. Kada ka janye shi a ɓoye. Ka je gaban mai gari da liman ka ce: ga ɗana, ina masu nome mini gona? In sun ƙi, kana da uzurin neman a rage masa kwanaki." Ya yi shiru, sannan ya ce zai tayar da maganar bayan sallar Juma'a.

Kai da kake karanta wannan a birni, kana da gona ko rumbu a ƙauye, ka tambaya yau ɗan wa ke kwana waje dominsu, kuma me gidansu suka ci jiya.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu damina mai albarka. Wallahu a'alam.