Kafin Ka Ƙyasta Ashana, Ɗana

Ɗana, na ji gardamar da kuke yi kan littattafan da hukuma ke hanawa. Wasunku na cewa a ƙona su kowa ya huta, wasu kuma sun rantse duk abin da aka hana sai sun nemo shi. Matso ka ji. Wanda ya tashi a Maiduguri bai kamata ya yi garajen ɗaukar ashana ba.

A garin nan samari, wasu har sun gama jami'a, suka yayyaga takardun shaidarsu saboda wa'azin Muhammad Yusuf, tun kafin rikicin Yulin 2009. Daga yaga takarda aka koma cinna wa azuzuwa wuta a 2012. A Maris 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantu, wata guda bayan haka aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. A ganina, yaron da aka saba masa da jin bakin malami ɗaya, aka ce sauran karatu duk haram ne, shi ya fi sauƙin ja.

Za ka ce ai waɗancan 'yan ta'adda ne, hanin gwamnati daban. Haka ne, niyyar ba ɗaya ba ce. To dubi Kano. A 2007 Gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan soyayya ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya hukumar tace fina-finai a hannun Abubakar Rabo ta nemi marubuta su yi rajista. Akwai na batsa a cikin irin littattafan nan, waɗanda ba zan so ganinsu a hannun 'yata ba. Amma a layin ne kuma su Balaraba Ramat Yakubu suka yi magana kan auren dole da wulaƙancin da mata ke sha a gidan miji. Yau labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, yarinya na karantawa cikin bargo da tsakar dare. Da can littafin yana kan tabarma, uwa za ta ɗaga ta duba bangonsa ta yi faɗa. Yanzu hasken waya kawai take hangowa.

Magabatanmu sun fi mu ƙarfin zuciya a nan. Bayan faɗuwar Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya riƙa aika wa jagororin jihadin Sakkwato wasiƙu masu zafi, yana tuhumarsu kan dalilin yaƙar Borno, cikin ƙorafinsa har da yadda mayaƙa ke wulaƙanta littattafai masu ɗauke da sunan Allah. Ana yaƙi fa, jini na zuba. Duk da haka Muhammadu Bello, ɗaya daga cikin jagororin nan, ya kwafe maganar abokin hamayyarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisur, sannan ya bi ta da amsa. Shi ya sa bayan fiye da shekara 200 ɗalibi a Jami'ar Maiduguri zai iya karanta hujjar kowane ɓangare ya auna da kansa.

Saboda haka idan littafin da aka hana ya shigo hannunka, fara da tambayar wa ya hana shi, kuma me ya ce laifinsa. Sau da yawa mai kururuwar a ƙona bai wuce shafi ɗaya da aka turo masa a waya ba. Ka karanta har ƙarshe, a fili, kada ka yi ɓoyo. In wani abu ya girgiza maka imani ko ya rikita ka, kai shi wurin malamin da ka san ba zai kore ka don ka yi tambaya ba. In ka tarar batsa ce tsagwaronta, ajiye, ba sai hukuma ta gaya maka ba. Ƙannenka kuwa, akwai abin da shekarunsu ba su kai ba, wannan aikinmu ne na cikin gida, ni da kai da mahaifiyarku. In kuma ƙarya ka gani a kan addininka ko mutanenka, nemi biro da takarda ka kawo maganar marubucin yadda ya faɗe ta, ba ragi ba ƙari, sannan ka warware ta ɗaya bayan ɗaya.