Hakkin Iyaye: Bashi Ne ko Tukuici?

Sau da yawa mukan ji mutum ya ce, "Iyayena suna bina bashin da ba zan iya biya ba." Magana ce mai daɗin ji, mai faɗinta kuma da kyakkyawar zuciya yake faɗi. Amma ya kamata mu tsaya mu auna ta, gama sunan da mutum ya ba abu shi yake nuna yadda zai riƙe shi. Idan abin da ke tsakaninmu da iyayenmu bashi ne, to, akwai ranar gama biya. Idan kuwa wani abu ne dabam, sai mu nemi sunansa na gaskiya.

Bari mu fara da duba abin da aka kashe a kanmu. Yawancin Kiristocin da ke Garwa da ƙauyukan kwarin Binuwai 'ya'yan manoma ne. Da yawa iyayensu sun gangaro daga duwatsun Mandara, ko daga wajajen Kaele da Yagwa, suna neman ƙasar noma, musamman daga shekarun 1970 zuwa bayan da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Auduga ce ta ba su kuɗin hannu. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedkwatarsa a Garwa, yakan ba manomi taki da maganin feshi bashi, in an auna auduga a cire. Ga wahalar kuwa: makaranta tana buɗewa a watan Satumba, kuɗin auduga ba ya shigowa sai an shiga rani. A wannan tsakani ne akan sayar da akuya, ko buhun gyaɗa tun farashi bai tashi ba, ko mahaifiya ta kwance ɗan abin da ta tara a adashi. Ma'aikatan gwamnati ma ba su tsira ba. A 1993 an rage albashinsu har sau biyu, a Janairun 1994 kuma darajar kuɗin sefa ta faɗi da rabi. Wanda yake firamare ko sakandare a waɗannan shekaru, yau magidanci ne, watakila malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti ko fasto. Ya tambayi mahaifiyarsa abin da aka ci a gidan a shekarar da ya zauna jarrabawa. Mai yiwuwa ba za ta faɗa masa ba.

To, wa zai iya lissafta wannan? A ce ma an lissafta kuɗin makaranta da na magani da na sutura, an mayar har da riba. Sauran dararen da aka kwana a zaune saboda zazzaɓin yaro fa? Wannan ne ya sa nake ganin kalmar bashi ba ta dace ba. Mai ba da bashi yana rubutawa, yana jiran rana. Wanda ake bi kuma yakan guje wa hanyar gidan mai binsa, in ya gama biya sai ya yi ajiyar zuciya, an rabu. Ɗan da ya ɗauki iyayensa kamar masu binsa bashi zai kai ga ɗaya cikin biyu. Ko nauyin ya dame shi har ya fara jin haushin kiransu, ko kuwa ya gina musu ɗaki na kwano ya ce a ransa ya fita.

Hausawa suna da wata kalma da ta fi kusa. Suna cewa yaba kyauta tukuici. Mai karatu ya lura, tukuici ba kuɗin kyauta ba ne. Idan wani babba ya aiko maka da riga ko rago, ɗan abin da ka ba wanda ya kawo shi ne tukuici. Ba ya kai darajar abin da aka kawo, ba a kuma sa rai ya kai. Aikinsa ya nuna cewa kyautar ta iso, an karɓa, an ji daɗi. Rai kyauta ce daga wurin Allah, iyaye kuwa su ne aka aiko ta hannunsu, suka ɗauko ta shekara da shekaru har ta iya tsayawa da ƙafarta. Abin da muke yi musu duka tukuici ne. Mai ba da tukuici ba ya jin nauyi, gama ba a ce ya biya ba. Ba ya kuma yin fahariya, gama ya san abin da ya bayar kaɗan ne.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan ya sauƙaƙa hakkin. A cikin Dokoki Goma, girmama uba da uwa ita ce ta farko cikin waɗanda suka shafi zamanmu da mutane, Manzo Bulus kuma ya tuna wa Afisawa cewa tana tare da alkawari. A Markus sura 7 Ubangiji Yesu ya tsawata wa malaman Attaura saboda al'adar da ta yarda mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan Allah domin kada ya taimaki iyayensa da ita. Wannan tsawatarwa tana kanmu har yau. Akwai wanda sunansa yake fitowa a kowane taron neman gudummawar ginin majami'a, a tafa masa, alhali jinkar ɗakin tsohuwarsa tana yoyo tun damina biyu. Manomin da ya tsufa ba shi da fansho. Asusun CNPS an kafa shi ne domin masu albashi, yawancin mutanen ƙauye ba su cikinsa. Fanshonsu 'ya'yansu ne. Ikkilisiyar da take karɓar baikon irin wannan mutum ba tare da ta tambaye shi lafiyar iyayensa ba, ita ma tana da abin amsawa.

Sai dai kuɗi kaɗai ba su cika tukuici ba, a nan kuwa zamaninmu ya kawo wata jarraba sabuwa. A dā, wanda yake aiki a Yawunde ko Duwala in zai aika da saƙo sai ya nemi mai tafiya, ko shi kansa ya kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya hau mota zuwa Garwa, daga nan ya nemi ta ƙauye. Yau da wayar hannu, ta MTN ko Orange, kuɗi suna isa kafin a kashe wayar. Wannan alheri ne babba, ya ceci rayuka a asibitoci. Amma ya kuma ba mu hanyar taimakon iyaye ba tare da mun gan su ba. Tsoho yakan karɓi kuɗin, ya sa albarka, ya koma gindin darbejiya ya zauna. Abin da yake so ya faɗa wa ɗansa, maganar iyakar gona, ko inda yake so a binne shi, ko wata tsohuwar rashin jituwa da ƙanensa da yake so a gyara tun yana da rai, ba irin wanda ake faɗa a waya ba ne. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana. Hutun Kirsimeti ɗaya a gida, a zauna a kan tabarma ɗaya, a ci tuwon dawa da miyar da aka saba, yana buɗe bakin tsoho fiye da aike goma.

Akwai kuma rainin da ilimi yake kawowa a ɓoye. Yaro ya koyi Faransanci, ya je jami'a a Ngaundere ko Marwa, ko wadda aka kafa a Garwa a 2022, ya dawo yana gyara wa mahaifinsa magana a gaban baƙi. Jikoki kuma su taso ba su jin Tupuri ko Mundang ko Giziga, wani lokaci ko Fillanci da Hausa ba su ishe su gaisuwa ba, kaka tana kallonsu kamar 'ya'yan maƙwabta. Wannan ba girma ba ne. Mutum ya girma ne sa'ad da ya iya ganin kasawar iyayensa sarai, ya san inda suka yi kuskure, duk da haka ya durƙusa ya gaishe su, ya rufa musu asiri. Yaro ƙarami yana zaton ubansa ya san kome. Saurayi yana zaton bai san kome ba. Da yawa cikinmu mun tsaya a mataki na biyun har furfura ta fito.

Wani zai ce, "Malam, ba ka san ubana ba. Kuɗin audugarmu a wurin bilbil suka ƙare." Wata za ta ce an kore ta daga gida ran da ta yi baftisma. Waɗannan raunuka ne na gaske, ba a warkar da su da karanta aya. Abin da zan iya faɗi shi ne, girmamawa dabam take da biyayya. Ba a bukaci kowa ya bi iyaye cikin mugunta ba, ko ya bar bangaskiyarsa domin ya faranta musu rai, ko ya ce abin da aka yi masa daidai ne. Amma ciyar da tsoho, da kai shi asibiti, da tsare harshe daga zaginsa, ana iya yinsu ko zuciya ba ta gama hucewa ba. A arewacin Kamaru akwai dangi da yawa da addininsu ba ɗaya ba ne. Gida ɗaya akwai mai zuwa masallaci, da mai zuwa majami'a, da mai bin hanyar kakanni. Uwar da ba ta bin addinin ɗanta ba za ta karanta Littafi Mai Tsarki ba, amma tana ganin wanda ya zo da buhun masara a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa.

Ba kuma wanda ya haifa kaɗai ake ba tukuici ba. Gwaggo da ta riƙe ka, kawu da ka zauna gidansa a Yelwa ko Rumde Ajiya kana zuwa makaranta, iyayen matarka waɗanda maza suke saurin mantawa da su, duka sun ɗauki wani sashi na kayan. Simon Mpeke, firist daga wajen Edeya a kudu, ya bar babbar majami'arsa ta New-Bell a Duwala a 1959, ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu, yana yawo ba takalmi, yana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su shiga makaranta. Bai haifi ko ɗaya ba. Ya rasu a 1975, har yanzu kuwa Baba Simon ake ce masa a ƙasar, Kirista da wanda ba Kirista ba. A kowace ikkilisiya akwai irin waɗannan tsofaffi, malaman baftisma da suka tsufa, gwauraye mata da suka yi renon 'ya'yan wasu, waɗanda ba su da ɗan da zai aiko musu da kome. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata sun san sunayensu, sun kuma san 'ya'yan da suka rena da garuruwan da suke aiki yanzu.