Ko Ya Kamata Mai-bi Ya Sayi Libarba?

Akwai wata tambaya da ta ke yawo a ɓoye cikin ekklesiyoyinmu. Ba a yinta gaban taro, sai bayan an tashi sujada, mutum biyu ko uku su koma gindin itace su yi ƙasa da murya. Tambayar ke nan: idan mai-bi ya sami tsohuwar libarba ta hannu da araha, ya kamata ya saya domin tsaron gidansa? In kuwa ya saya, ina za ya sami harsashi? Mun ga ya fi kyau mu fito da maganar fili, gama abin da a ke raɗa a kansa ba safai ya kan sami shawara mai-kyau ba.

Da fari dai, ba mu raina tsoron da ya haifi wannan tambaya ba. Ran 5 ga Yuni 2022 aka shiga majami'ar Katolika a Owo, cikin Jihar Ondo, aka kashe masu-sujada wajen arba'in. Ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna da Zamfara da Katsina sun binne mutane da yawa, Krista da Musulmi. Cikin watan Yunin 2022 Gwamnatin Zamfara ta ce wa talakawanta su nemi lasin bindiga, tun 2018 kuma Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo cewa mutane su kāre kansu. Mai-tambayar nan fa ba mugu ba ne. Uba ne wanda ya ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ya cancanci amsa ta gaskiya.

Bari mu san abin da mu ke magana a kansa. Libarba ƙaramar bindiga ce mai wani gunduwan ƙarfe mai-juyawa a tsakiya, da ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Wani Ba'amurke, Samuel Colt, ya sami takardar mallakar ƙirarta a 1836. Ba ta saurin lalacewa, shi ya sa tsofaffinta su ke da yawa a kasuwa. Kamfanin Smith & Wesson ya soma ƙera wata iri domin soja da 'yan sanda a 1899, an yi miliyoyinta, waɗansu kuwa sun wuce hannun kaka da ɗa da jika suna aiki.

A Amurka wannan ciniki halal ne ga yawancin mutane, gama tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su ikon riƙe makami. Mai-kanti ya kan bincika sunan mai-saye wurin hukuma kafin ya miƙa masa. Da shi ke harsashi yana da tsada, waɗansu su kan tara kwanson tagulla da ya rage bayan harbi, su sake cika shi da albarushi da dalma a gida, da sikeli mai-auna ƙanƙanin abu da littattafan awo. Duk da haka idan hannu ya yi kuskure, albarushi ya yi yawa, bindigar ta kan fashe a hannun mai-ita. Samarinmu suna kallon waɗannan abubuwa a waya, har su zaci a nan ma haka ne.

Amma a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Bindigar toka irin ta maharba, maganarta tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, sai da lasin Sufeto Janar. Libarba kuwa an sa ta cikin haramtattun makamai, jeri ɗaya da bindigar soja da gurneti, ba mai riƙe ta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Yin harsashi a gida shi ma laifi ne. Wanda aka kama da irin wannan makami yana fuskantar ɗaurin shekara goma. Watau mutumin da ya jawo ka bayan ɗaki ya kwance tsumma ya nuna maka libarba, ka tabbata ba ta ƙofa ta shigo hannunsa ba.

To, ga abu na fari da mai-bi za ya tambayi kansa: daga hannun wa ta fito? Idan ka sayi keke na hannu ka kan nemi rasit, domin kada ya zama na sata. Libarba ta hannu ba ta da rasit. Watakila an ƙwace ta daga ɗan sandan da aka kashe, watakila an tare hanya da ita. Dillalin da ya sayar maka yau, gobe shi ne za ya sayar wa wanda za ya zo ƙauyenku da dare, kuɗinka kuma sun ƙara masa jari. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne harsashi. Bindiga ba harsashi guntun ƙarfe ce kawai. Ka saye ta sau ɗaya, amma ciyar da ita ba ya ƙarewa. Dole ka koma wurin dillalin nan, shi kuwa yanzu ya san sunanka da gidanka da asirinka, ya riƙe ka ke nan kamar akuya a turke. In ka ce za ka cika kwanso da kanka, ko ka sayi wanda wani maƙeri ya cika a ɓoye, ka sa yatsunka da idanunka cikin caca. Akwai kuma abin da wannan aiki ya ke yi wa zuciya. Maharbi yana ɗura bindigar toka yana tunanin gada ko zabo. Libarba ba ta farauta ba ce, domin mutum aka ƙera ta. Wanda ya zauna da dare yana ƙirga harsashi shida, tilas ya riƙa zana fuskar wanda za ya harba. Yau fuskar ɗan fashi ce, gobe ta zama ta maƙwabcin da su ke jayayya kan iyakar gona.

Abu na uku: ina za ta kwana? Maharan da ka ke tsoro watakila su zo dare ɗaya cikin shekaru, su zo kuma da yawa da manyan bindigogi waɗanda harsashi shida ba za ya tsai da su ba. Amma libarba tana gidanka kowace rana. Tana nan ranar da ɗanka mai shekara bakwai ya ɗaga katifa. Tana nan ranar da kai da uwargida kuka yi faɗa, da ranar da bashi ya sha kanka har ka gaji da rai. A Amurka cikin 2021 mutum 48,830 suka mutu ta bakin bindiga, fiye da rabinsu kuwa su ne suka harbe kansu. Wannan lissafi na ƙasar da a ke koyon riƙon bindiga a fili ne, da akwatunan ƙarfe na kulle ta.

Me Littafi Mai-Tsarki ya koya mana? Bai ce ran iyalinka banza ne ba. Manzo Bulus ya tsauta wa wanda ba ya kula da mutanen gidansa, cikin 1 Timoti sura 5. A Fitowa sura 22 shari'ar Musa ba ta ɗora alhakin jini a kan wanda ya bugi ɓarawo cikin duhu ba, amma ta ɗora idan gari ya waye, domin ko ran ɓarawo yana da daraja gaban Allah. Nehemiya ya sa maginan ganuwar Urushalima su yi aiki da makami a ɗamara. Sai dai mu lura, Nehemiya ya zo da wasiƙun sarki a hannunsa, shi ne mai-mulkin ƙasar, abin da ya yi kuwa a fili ya yi, jama'a duka suna gani. Romawa sura 13 ta nuna takobin hukunci a hannun mai-mulki ya ke.

Mu dubi Bitrus kuma. Da takobi a jikinsa a gonar Jatsaimani, niyyarsa kuwa mai-kyau ce, Ubangijinsa ya ke so ya kāre. Ya zare, ya sare kunnen bawan babban firist. Yesu ya sa ya mai da takobin kube, ya warkar da kunnen. Kafin gari ya waye, jarumin nan mai-takobi ya yi musun Ubangiji sau uku gaban masu-hidima a bakin wuta. Ashe takobin bai kawar masa da tsoro ba.

Wani za ya ce, "Pasto, hukumar da ka ke faɗi ba ta zuwa sai bayan an binne gawa." Gaskiya ne sau da yawa, kuma zunubi ne a kan masu-mulki, wajib ne ekklesiya ta faɗa musu ba tsoro. Amma gazawar hukuma ba ta mai da kasuwar duhu tsattsarka ba. In kowane gida ya ɓoye libarba, tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Saboda haka ga shawararmu. Tsaron gari aikin gari ne, a yi shi da rana tsaka. Dattawa su zauna da mai-unguwa da dagaci da 'yan sanda, a tsara sintiri bisa ga abin da doka ta yarda, a san sunan kowane mai-gadi da wanda za ya ba da lissafinsa. A riƙe zumunci da maƙwabta Musulmi da Fulani, gama sau da dama gargaɗi daga bakinsu ya kan fito. A kai kuka ga hukuma a rubuce, da hannun jama'a duka. Wanda ya riga ya sayi libarba kada ya ɓoye wa pastonsa, a nemi lauya, a san hanyar miƙa ta. Ku dattawan ekklesiya kuma, kada ku kori mai-tsoro da tsawa. Ku ziyarce shi, ku yi addu'a tare, ku tsaya gadi tare da shi in ya kama.

Allah ya ba shugabanninmu zuciyar adalci, ya tsare gidajenmu, ya tsare hannuwanmu kuma daga jini. Amin.