Alamomin Tashin Ƙiyama: Uzuri Ne Ko Gargaɗi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya keɓanta da sanin lokacin tashin ƙiyama. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta kama bakunanmu a nan unguwar Lazare da sauran unguwannin Yamai. In hatsi ya yi tsada, sai a ce ai ƙarshen zamani ne. In yaro ya ɗaga wa mahaifinsa murya, ko aka ci amanar wani, sai a girgiza kai a ce ai ƙarshen zamani ne, daga nan kowa ya kama gabansa. Maganar tana da asali a cikin addini, ba mu musa ba. Abin da muke so mu tambayi kanmu shi ne: don me aka sanar da mu waɗannan alamomi? Don mu sami uzurin naɗe hannu, ko don mu ƙara ɗamara?

Mu fara da hadisin da kowane ɗalibi ya sani, wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.), shi ne kuma na biyu a cikin Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi. Mala'ika Jibrilu ya zo majalisin Manzon Allah (S.A.W.) a siffar mutum, ya yi tambaya a kan Musulunci da imani da ihsani, sannan ya tambayi lokacin tashin ƙiyama. Manzon Allah ya nuna masa cewa wanda ake tambaya bai fi mai tambayar sani ba. Da ya tambayi alamominta, sai aka ambata masa biyu: baiwa ta haifi uwargijiyarta, kuma a ga matalauta makiyayan awaki, marasa takalmi da sutura, suna gasar tsawaita gine-gine. A lura da kyau: shugaban mala'iku da shugaban manzanni sun haɗu a wuri guda, babu ɗayansu da ya san ranar. Aya ta 187 ta Suratul A'araf da aya ta 34 ta Suratu Luƙman sun tabbatar da cewa wannan sani na Allah ne Shi kaɗai. To, wane ne kuma bayansu zai zo mana da lissafi?

Malamai sun kasa alamomin gida biyu, ƙanana da manya. Ƙananan sun haɗa da ɗauke ilimi ta hanyar mutuwar malamai, da yawaitar kashe-kashe, da tozarta amana ta hanyar danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba. Manyan kuwa guda goma ne a hadisin Huzaifa ɗan Usaidu (R.A.): hayaƙi, da Dujal, da dabbar da za ta fito, da fitowar rana daga yamma, da saukowar Annabi Isa (A.S.), da Yajuju da Majuju, da kifewar ƙasa sau uku, a gabas da yamma da tsibirin Larabawa, sai wutar da za ta fito daga Yaman ta kora mutane zuwa matattara. Mun yi imani da dukkansu kamar yadda suka zo. Amma imani da alama daban, ɗora ta a kan wata shekara ko wani mutum kuma daban.

Tarihin unguwarmu ma ya ishe mu darasi. Sunan Lazare kalma ce ta Faransanci mai nufin wurin da ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa. A lokacin babban farin 1973 zuwa 1974, a nan aka kafa sansanin da dubban makiyaya suka taru, mafi yawansu Buzaye, wasu tun daga arewacin Mali, bayan dabbobinsu sun ƙare. Wanda ya ga mai garke jiya yana bin layin tsaba yau, ba za a zarge shi ba in ya zaci duniya ta zo ƙarshe. Ga shi an wuce shekara hamsin, filin sansanin ya zama unguwa mai cike da gidaje da masallatai da makarantu. Haka kuma a 2020, lokacin annobar korona, aka rufe masallatai aka sa dokar hana fitar dare, har aka yi arangama tsakanin matasa da jami'an tsaro a nan Lazare a watan Afrilu, gab da azumi. A watan Mayu aka buɗe masallatai, a watan Satumba kuma kogin Kwara ya cika ya fasa shinge, ya cinye gidaje a unguwannin bakin ruwa. Kowace daga cikin waɗannan musibu ta zo ta wuce, ta bar tambaya guda a wuyan waɗanda suka gan ta: me ka yi wa maƙwabcinka a ranar?

Gaggawar fassara alamomi kuwa ta sha jawo wa al'umma hasara. Ranar 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga Nuwamba 1979, wasu mutane ɗauke da makamai ƙarƙashin Juhaiman al-Utaibi suka mamaye Masallacin Harami a Makka, suna cewa Mahadi ya bayyana a cikinsu. Aka yi kusan mako biyu ana zubar da jini a wuri mafi alfarma a bayan ƙasa, wanda suka kira Mahadin ma aka kashe shi a ciki. A ƙasar Hausa, lokacin da wasu suka fara raɗe-raɗin cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ne Mahadi, shi da kansa ya rubuta ya kore wannan zato, ya ci gaba da karantarwa. Har maganar da ake yawo da ita a wayoyin hannu cewa duniya ba za ta wuce shekara ta 1500 ta Hijira ba, asalinta wani hasashe ne na Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a shekara ta 911. Malami ne babba, har ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, amma hasashen malami ba ya zama nassi, kuma ayoyin da muka ambata sun rufe wannan ƙofa.

A nan ne imani da mala'iku yake gyara mana tunani. Muna yawan tuna Mala'ika Israfilu da ƙahon da zai busa, alhali ba mu san ko muna da rai za a busa shi ba. Waɗanda muke mantawa da su kuwa suna tare da mu a wannan sa'a. Ayoyi na 17 da 18 na Suratu Ƙaf sun sanar da mu mala'iku biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da babu wata kalma da za ta fita bakin mutum face sun kiyaye ta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa mala'ikun dare da na rana suna haɗuwa a sallar Asuba da ta La'asar, kuma ana tambayarsu halin da suka bar bayi a ciki. Sun kuma ruwaito cewa kowace safiya mala'iku biyu suna sauka, ɗaya yana roƙa wa mai ciyarwa mayewa, ɗaya yana roƙa wa mai maƙo taɓewa. Babu inda aka ce za su ajiye alƙalami don zamani ya lalace. Ɗan kasuwar da ya tauye tiya yana cewa kowa haka yake yi, tauyewar za a rubuta masa. Uban da ya bar ƴaƴansa suna gararamba yana cewa ƴaƴan ƙarshen zamani ba su jin magana, sakacinsa za a rubuta masa. Mu da muke zuba shara a magudanar ruwa, sannan in damina ta rushe katangar maƙwabci mu ce alama ce, hannunmu za a rubuta a cikin ɓarnar.

Wani zai iya cewa: tunda Annabi (S.A.W.) ya ba da labarin cewa amana za ta ɓace, ina amfanin ƙoƙarin tsare ta? Amsa ita ce, labarin aukuwar abu ba izinin aikata shi ba ne. An gaya mana za a ɗauke ilimi don mu neme shi tun malamai suna raye, an gaya mana amana za ta yi ƙaranci don kada a same mu cikin masu tozarta ta. Da wani mutum ya tambayi Manzon Allah yaushe ne tashin ƙiyama, sai ya mayar masa da tambaya a kan abin da ya tanadar mata. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito daga Anas (R.A.) umurnin cewa wanda ƙiyama ta riska da dashen dabino a hannunsa, in yana da ikon dasa shi, to, ya dasa. Tun 1975, bayan farin nan da ya cika Lazare da baƙi, ake dasa itatuwa a Nijar kowace ranar 3 ga Agusta. Musulmin da ya fahimci wannan hadisi ya fi kowa cancantar ya dasa nasa, ya kuma yi masa ban ruwa har ya kama.

Saboda haka, ƴan'uwa, duk ranar da muka ji bakinmu zai ce ai ƙarshen zamani ne, mu tuna cewa ƙiyamar kowannenmu tana farawa ne ranar da mala'ikan mutuwa ya zo masa, kuma a kabari za a tambaye shi Ubangijinsa da addininsa da Annabinsa. Mu cika mudu, mu biya bashi, mu kai ƴaƴanmu makaranta, mu halarci Asuba da La'asar cikin jam'i.

Allah Ya tsare mu daga fitinar Dujal da fitinar rayuwa da ta mutuwa, Ya ba mu littattafanmu a hannun dama, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.