Ko Kwanon Gero Ya Wadatar?

'Yan'uwa, a watan Yuli 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka fake a Gandi. A 2019 dubbai suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi.

In mun miƙa musu kwanon gero, mun sauke nauyinmu ke nan? Ko kaɗan. Manomin da aka raba da gonarsa, kunyar roƙo ta fi yunwa ci masa rai. Yusufu ma, da ya gudu da Maryamu da jariri Yesu zuwa Masar, mazauni ya bukata.

Saboda haka, mu na Wurno da Goronyo, mu ara musu gefen fadama su noma, ba tare da tambayar addininsu ba.