Kowace Masifa da Sunanta

Ɗana, matso kusa mu yi magana a kan harshenka. Na ji ka dawo daga aiki kana cewa cunkoson hanyar Nyanya bala'i ne. Da aka ɗauke wuta ka ce wannan wace irin masifa ce. Da aka kawo tuwo kuma ka ce miyar ta yi bala'in daɗi. Ban ce ka yi saɓo ba, haka tsaranka ke magana. Amma mai yanke farce da gatari, ranar da ya je daji zai tarar bakin gatarin ya dakushe.

Kalmomin nan kowace da gidanta. Musiba Balarabiya ce, tana nufin abin da ya sami mutum. Bahaushe ya lanƙwasa ta ta koma masifa, har ya ƙara mata aiki, mai yawan faɗa ma ya zama masifaffe. Bala'i da ibtila'i, wanda 'yan jarida kan rubuta iftila'i, uwa ɗaya uba ɗaya suke, tushensu jarrabawa. Annoba ita ce mai yaɗuwa, ta shiga gida ta fita ta faɗa maƙwabta. Tsautsayi kuwa shi ne abin da ya faɗo wa mutum ba zato ba tsammani.

Magabata ba don ƙawa suka rarrabe su ba. Kowane suna yana tafe da aikin da yake nema a gare ka. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin sama ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Ran nan kalmar musiba ta zauna daram a bakin kowa, aka yi sallallami, aka kama hanyar ta'aziyya. A ƙarshen Maris na 2020 da aka kulle Abuja saboda korona, annoba aka ce, kuma sunan da kansa ya gaya wa mutane su zauna a gida. Ita kuwa Nyanyar da kake kira bala'i don ka makara a mota, a tasharta bam ya tashi da safiyar 14 ga Afrilu, 2014, ya kashe sama da mutum 70 da suka fito neman abinci. Wannan sunansa ta'addanci, domin akwai hannun da ya dasa. In ka ɓarnatar da babbar kalma a kan cunkoso, me ka rage wa marayun ranar?

Sai dai wannan ƙaramin laifi ne. Babban shi ne mayar da tsautsayi da ƙaddara bargon rufe sakaci. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ƙaddara ba ta taɓa wanke mai laifi ba. A Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje sama da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe, ba kuma karon farko ke nan ba. Hukumomin birnin tarayya suka ce akwai gine-gine a kan hanyar ruwa. Ruwan sama na Allah ne, amma tubalin da aka aza a kan magudana wani ne ya aza shi. Wata biyu bayan nan, bene ya rufta da mutane cikin dare a ƙauyen Garki. Duk inda gini ya faɗi akwai tambayoyin da mamata ke bin mu bashi. Wa ya ba da izini? Wa ya duba rodi da siminti? Wa ya ga bango ya tsage ya yi shiru? Da zarar an ce tsautsayi ne, an binne tambayoyin tare da gawa, an kuma share wa na gaba fili.

Ka tuna mahaɗar Dikko, can gaba da Suleja, a Janairun 2025. Tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru da jarkoki, wuta ta tashi ta ci sama da rai 80. Faɗuwar tankar hatsari ne. Zuwa ɗibar mai kuwa ganganci ne, ko da talauci ne ya tura mutum. Ban faɗa don in ci naman mamata ba, Allah Ya ji ƙansu. Na faɗa ne don ranar da za ka ga tanka a kwance, ka san sunan abin tun ƙafarka ba ta kai ka ba.

Saura gargaɗi ɗaya. In abu ya sami wani, kada ka yi gaggawar cewa alhaki ne ko fushin Allah. Ba a aiko maka da takarda ba. Annabawa ma an jarrabe su. In ka shiga gidan makoki, Bahaushe ya riga ya zaɓa maka kalma mai laushi: rashi. Ka ce ya haƙuri, ka yi addu'a, ka kama bakinka. Bincike da neman hakki suna da ranarsu da wurinsu, kada kuma ka bari a manta da su.

To, ɗana, damina ta ƙarato. Na ga kwatar ƙofar gidanka ta cushe da leda da robobin ruwa. A yau sunanta ƙazanta, maganinta shebur da awa guda. In ka bar ta har ruwa ya shigo ɗaki, kada in ji ka ce iftila'i.