Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ya Nuna Wa Ido Hanya?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Akan jefa wannan karin magana ne idan gardama ta yi tsawo a kan abin da masu musun ba su taɓa sa shi a ido ba, sai wani dattijo ya ce to a tashi a je a gano. Da ido ya sauka a kan abu, labarin da kunne ya kwaso ya zama tsohon zance. Ba ni da niyyar musa wa magabata. Sai dai na daɗe ina juya maganar a raina idan na dubi wasu matafiya da ya kamata a ce sun fi kowa cin moriyarta, wato samari da 'yan matan Turai, Amurka da Ostareliya masu goya jaka a baya su bazama duniya da ɗan guzurin da bai taka kara ya karya ba.

Su ba irin masu yawon buɗe idon nan ba ne da kamfani ke kwasa daga filin jirgi zuwa babban otal. Motar haya suke shiga, su kwana ɗaki ɗaya da baƙin da ba su sani ba, su ci abincin bakin titi, su yi wata uku ko shida a hanya. Tinƙahonsu shi ne su kaɗai ke ganin ƙasa a yadda Allah ya yi ta. To amma mai ƙaramin guzuri ba shi da halin yin kuskure. In ya faɗa masaukin da ya fi ƙarfin aljihunsa, kuɗin kwana uku ya tafi. Saboda haka kafin ya ɗaga ƙafa sai ya tambaya: ina ne da araha, ina ake cuta, wane gari za a tsallake? Wa yake tambaya kuwa? Ɗan'uwansa matafiyi da ya riga shi wucewa. Ka ga tun nan ji ya riga gani shiga mota.

A shekarun 1960 da 1970, lokacin da matasan Turai ke bin hanyar ƙasa zuwa Indiya da Nepal ta Turkiyya, Iran, Afganistan da Pakistan, akwai wani gidan abinci a unguwar Sultanahmet ta Istanbul da suka laƙaba wa suna Pudding Shop. Allo ne a bango, kowa na manna 'yar takardarsa, da mai neman abokin tafiya da mai ba da labarin hanya. Zango ne sak irin wanda fatakenmu suka sani a hanyar Gwanja, inda ayarin da ke dawowa ke gaya wa mai tafiya inda rijiya take da inda 'yan fashi ke tare hanya. A 1972 Tony Wheeler da matarsa Maureen suka bi wannan hanya har Ostareliya, suka isa Sidni da santi 27 kacal. Tambayoyin jama'a suka ishe su, sai suka rubuta ɗan littafin jagora a 1973, wanda shi ne mafarin kamfanin Lonely Planet, bayan shekara biyu kuma suka fitar da na kudu maso gabashin Asiya. Labarin baki ya koma takarda, littafi ya zama madugu uban tafiya. Da juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan suka toshe tsohuwar hanyar a 1979, sai ayarin ya ƙara karkata wajen Bankok.

Madugu ɗaya, ayari dubu. Kowa na riƙe da littafi guda, kowa ya sauka titi guda. Titin Khao San na Bankok tsawonsa mita 400 ne da ɗoriya, sunansa ma na nufin casasshiyar shinkafa, don a da kasuwar shinkafa ce. Yau ba ka ganin komai sai masaukai masu araha, mashaya da masu sayar da tikitin mota. Masu abinci suka lura baƙin na son karyawa da fanke mai ayaba, sai kowa ya koya, daga Tailan har Laos, Kambodiya da Biyetnam, har aka wayi gari ana yi wa hanyar gaba ɗaya ba'a da sunan hanyar fanken ayaba. Ɗan Jamus ya baro gida don ya ga Tailan, ya wuni da ɗan Ingila, ya ci abin da aka dafa don harshensa, ya koma ya ce ya gano. Ya gani kam, ba a musu. Amma abin da ya gani ɗin, ji ne ya gina shi, tubali bisa tubali.

Wani lokaci abin kan wuce wasa. Vang Vieng ƙaramin gari ne a bakin kogin Nam Song a Laos, tsakanin duwatsu, mutanensa manoma masu kunya da kamun kai. Labari ya bazu a zangon matafiya cewa can ne ake sheƙe aya babu mai ce maka kanzil: ka hau tiyub ɗin tayar tarakta, ruwa ya yi ta gangarawa da kai daga wannan mashaya zuwa waccan. Wanda ya zo da wannan a kunne, shi zai aikata. Yaran da a garinsu ba za su fita titi babu riga ba suka dinga yawo kusan tsirara a gaban tsofaffi. A 2011 kaɗai baƙi 27 suka mutu, wasu ruwa ya ci su, wasu suka faɗo kan duwatsu, sai a 2012 gwamnati ta rufe mashayun bakin kogin. Kogin bai kira kowa ba, labari ne ya kira su.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar ciniki. An riga an tsoratar da matafiyi cewa a Indiya ko Maroko kowa macuci ne, duk farashin da aka yanka maka ka raba shi biyu ko uku. Sai ka ga mutumin da ya biya kuɗin jirgi daga wata nahiya ya tsaya yana ɗaga jijiyar wuya da mai tuƙa keke a Delhi a kan 'yan canjin da ba za su saya masa ko kofin shayi a garinsu ba. Mai keken ya ga an zo masa da zargi a fuska, shi ma ya murtuke, gobe kuma ya ninka wa baƙo na gaba tun da ya san za a taya. Baƙon ya koma masauki ya ce ai kuwa gaskiya aka faɗa mini. Talaucinsa na aro ne, yana da fasfo da tikitin komawa. Mai keke fa? Mu ma kada mu yi dariya: wanda ya fara zuwa Ikko hannunsa dafe da aljihu tun daga tashar mota, bai gaisa da kowa ba har ya dawo, me ya gano?

Yanzu fim da waya sun karɓi aikin allon bango. Ƙasurgumin dillalin ƙwaya Pablo Escobar ya mutu tun 1993, kisan kai ya ragu ƙwarai a Medellin ta Kolombiya, amma bayan shirin Narcos na Netflix da aka fara a 2015 da labarinsa, baƙi suka yi ta tururuwar neman gidansa da kabarinsa, har hukumar birnin ta rushe benensa mai suna Monaco a 2019 ta mai da filin wurin tunawa da waɗanda aka kashe. Gaɓar Maya Bay ta Tailan kuwa, fim ɗin The Beach na shekarar 2000 ne ya nuna ta a matsayin ɓoyayyen wurin da babu kowa. Dubban mutane suka riƙa zuwa kullum neman wurin da babu kowa, jiragen ruwa suka lalata murjanin da ke cikin ruwan, aka rufe ta a 2018, ba a sake buɗewa ba sai 2022, shi ma da sharaɗin ba a iyo.

A ganina karin maganar na nan daram, sharaɗinta ne muke mantawa. Ganin da ke korar ji na mai haƙuri ne, wanda ya bar titin baƙi ya shiga unguwa, ya koyi gaisuwa, ya zauna har mutane suka daina kallonsa. Don haka, ɗan'uwa mai shirin tafiya, idan wani ya zo yana yanke maka hukunci a kan wani gari, tambaye shi kwana nawa ya yi, a wace unguwa ya sauka, kuma gidan ɗan gari nawa ya shiga ya ci abinci.